Kwalbar Bitamin Ɗaya Ta Ishi Gida Duka?

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 39, 'ya'yana biyar, ina koyarwa a firamare. Kusan wata shida ke nan kullum a gajiye nake. Ko na yi barci sai in tashi kamar an yi mini duka, in na hau bene numfashina ya riƙa sarƙewa, wani lokaci jiri ya ɗebe ni a gaban allo. Wata ƙawata mai sayar da kaya a WhatsApp ta ce bitamin nake bukata, tana da na Amurka mai sinadari 24 a ƙwaya ɗaya, naira dubu 38. Mai kemis ɗin unguwarmu kuma ya ce ɓarnar kuɗi ce, yana da na kati mai araha, har da na ruwa mai sa cin abinci. Ni so nake in sayi babbar kwalba ɗaya mu riƙa sha kullum: ni, da maigida mai shekara 54 da ke shan metformin saboda ciwon suga, da surukata da ke zaune da mu, da 'yata mai shekara 14 da ke da sikila. Ban rufe haihuwa ba, in Allah ya kawo ina so. Wanne zan zaɓa?

Uwar biyar, daga Kano

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ki lafiya, ya raya miki zuri'a, ya sassauta wa yarinyar nan.

Ki mayar da dubu 38 ɗin nan jaka tukuna. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda hankalina ya tsaya shi ne layukan farko da kika wuce da sauri kamar ba komai ba: wata shida ana gajiya, numfashi na sarƙewa a bene, jiri a gaban allo. Mu mata mun ƙware a wannan. Sai mu ambaci namu ciwon a layi biyu, mu ƙarar da sauran takardar kan yadda za a kula da mutanen gida.

Ba a duba mara lafiya ta wasiƙa, don haka ba zan yanke hukunci ba. Amma mace da ta haihu biyar, tana al'ada har yanzu, in ta tsaya gabana a kantin magani da wannan bayanin, abin da zan fara zargi ƙarancin jini ne. Ki je asibiti a yi miki cikakken gwajin jini. A takardar sakamako za ki ga adadin himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska cikin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace marar ciki in nata ya gaza 12, jininta ya yi ƙasa, mai ciki kuwa in ya gaza 11. In da hali ki roƙi a haɗa da gwajin feritin, shi ne ke nuna ko rumbun sinadarin ƙarfe na jikinki ya ƙare. Ki gaya wa likita gaskiyar yadda al'adarki take: kwana nawa, da gudaji ko babu, sau nawa kike canza ƙunzugu. Ki kuma bari a duba maleriya, da suga, da tayirod, halittar nan ta maƙogwaro da ke kawo maƙoƙo, har da gwajin ciki, tunda kin ce ƙofa a buɗe take. Kowanne cikin waɗannan yana sa gajiya, kuma babu wanda bitamin ɗin kullum ke warkarwa.

Wata ƙila ki ce ai in ma ƙarancin jinin ne, kwalbar Amurka tana da ƙarfe a ciki. Tana iya samu, amma ki dubi lissafin. Bitamin ɗin kullum na mata yawanci miligiram 18 na ƙarfe yake ɗauke da shi, wanda shi ne abin da lafiyayyar mace mai al'ada ke bukata a rana don kada ta yi giɓi. Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a asibiti, ferrous sulphate mai miligiram 200, tana ba da miligiram 65 na ƙarfe a ƙwaya ɗaya, kuma ko bayan jini ya dawo daidai akan ci gaba da sha kamar wata 3 don rumbu ya cika. Wanda randarsa ta ƙafe ba da cokali ake zuba masa ruwa ba. Ƙwayar asibitin nan da ake rainawa, wadda ake ƙirga wa masu awo a leda, ta fi kwalbar ƙawarki amfani gare ki nesa ba kusa ba in har ƙarfe kika rasa. Abin da na fi tsoro ma shi ne ki sha mai tsadar wata uku kina jiran sauƙi, alhali jinin yana zuba ta wata hanyar da ba a gano ba, ko ta mahaifa, ko basir, ko gyambon ciki.

Tunda 'yarki tana da sikila, ke da maigida kowa yana ɗauke da ƙwayar halittar. Kada wani ya ce miki gajiyarki daga nan take. Mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar halittar sikila guda ɗaya, ba ya fama da ƙarancin jini don kawai yana AS, sai a nemi wani dalilin. Kuma na san an riga an gaya muku cewa ma'aurata masu AS biyu, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Wannan magana ce taku da likitanku, na ambata ne kawai don kin yi zancen ƙarin haihuwa.

Sai batun kwalba ɗaya ga gida duka. A'a. Na fahimci dabarar, domin mai riƙe da cefanen gida a wannan zamani dole ta yi tunanin sari. Amma kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma mutum huɗun da kika lissafa kusan ba mai bukatar abin da ɗan'uwansa ke bukata.

Yarinyar na fi jiye wa. Mutane suna ganin mai sikila da farin ido sai su ce jini ne ba ta da shi, a ba ta maganin ƙarin jini. Jinin nata yana ƙasa, gaskiya ne, amma dalili daban ne da naki. Ƙwayoyin jininta ne ke fashewa kafin lokacinsu, ƙarfen da ke cikinsu kuwa ba ya zuwa ko'ina, jiki yana tattara abinsa ya ajiye. In an taɓa yi mata ƙarin jini, kowace leda tana shigo da ƙarfe kimanin miligiram 200, kuma jikin ɗan Adam ba shi da wata hanyar kirki ta fitar da rarar ƙarfe. Sai ya taru a hanta da zuciya, a hankali, ba tare da an ji komai ba sai ɓarna ta yi nisa. Saboda haka ƙwayar da za ta tashe ki tsaye ita ce za ta iya cutar da 'yarki. Kada ta sha wani abu mai ƙarfe sai likitanta ya gwada ya ce ta rasa shi, domin hakan ma yana faruwa, musamman ga budurwar da ta fara al'ada. Folik asid ɗin da ake ba ta a asibitin sikila ta ci gaba da shan abinta. In kina son ƙara mata wani abu, ki ɗauki kwalbar ki kai wa likitan ya karanta bayanta da idonsa.

Maigida kuma namiji ne, ba ya zubar da jini kowane wata, miligiram 8 na ƙarfe a rana ya ishe shi, kuma abinci yana ba shi. In zai sha bitamin, marar ƙarfe zai nema. Abin da ya kamata a sa wa ido a wajensa B12 ne, domin metformin in an daɗe ana sha yana rage yadda hanji ke tsotsar wannan bitamin. Matsalar ita ce alamun rashinsa, wato ƙafa ta riƙa yin dindiris ko zafi kamar an taka garwashi, sun yi kama da abin da ciwon suga kansa ke yi wa jijiyoyi, sai a ɗora wa suga laifin duka a wuce. In ya je ganin likita na gaba ya tambaya a gwada masa B12. Kada ya daina metformin saboda wannan magana tawa, don Allah. Bitamin na ruwa mai zaƙi da irin na alawa da ake taunawa ba nasa ba ne, akwai sukari a ciki. In kuma yana shan taba, ya guji duk ƙwayar da aka cika wa beta-carotene, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, domin wani babban bincike da aka yi kan mashaya taba a ƙasar Finland, wanda ya fito a 1994, ya nuna yawan shansa ya ƙara musu kansar huhu maimakon ya rage.

Hajiya surukarki ba ki faɗi shekarunta ba, ba ki kuma faɗi magungunan da take sha ba, kuma a wajen tsoho wannan shi ne rabin magana. Mace da ta daina al'ada ta koma sahun maza a batun ƙarfe. Abin da tsufa ke ragewa shi ne tsotsar B12, da ƙarfin ƙashi, wato bukatar kalsiyam da bitamin D. Za ki yi mamakin a ce mutumin Kano ya rasa bitamin ɗin da fata ke haɗawa daga rana, amma tsohuwar da ke wuni a ɗaki, in ta fito kuma a lulluɓe, ranar da ke ƙona kwanon rufi ba ta taɓa fatarta. Wadda ke shigowa ta gilashin taga ma ba ta yin aikin. A shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida da hantsi, hannu da ƙafa a buɗe na ɗan lokaci. Wanda ya haura shekara 70 yana bukatar IU 800 na bitamin D a rana (IU ma'auni ne da ake rubutawa a jikin kwalba), na ƙasa da haka 600, kuma kada a wuce 4000 sai da umarnin likita. Kafin ki saya mata komai, ki tattara ledar magungunanta kaf, har da na gargajiya da take ɓoyewa ƙarƙashin filo, ki kai wa ƙwararren mai haɗa magani. Mai shan warfarin na tsinka jini, bitamin K yana rikita masa lissafi. Mai shan maganin tayirod, kalsiyam da ƙarfe suna hana shi shiga jiki in an sha su tare.

Ban da 'yarki da ke kan nata na asibiti, ke ce kaɗai a gidan da zan ce lallai ta sha wani abu kullum ko me gwaji ya nuna, kuma wannan abin folik asid ne, aƙalla mikirogiram 400 a rana. Dalili kuwa, bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da lakar bayan jariri yana rufewa cikin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar ta yi ɓatan wata ba. Wadda ta jira ranar fara awo ta makara ga wannan kariyar. Sannan ki kula da bitamin A. In kwalba ta rubuta retinol ko retinyl, kada jimillar abin da kike sha ya wuce mikirogiram 3000 a rana, wato IU 10,000, domin yawansa a farkon ciki yana nakasa ɗan tayi. Wanda aka yi don masu ciki ya fi miki kwanciyar hankali. Hantar da ake ci ma cike take da bitamin A, don haka in ciki ya shiga a sassauta mata.

Bayan an gyara jininki, in har kina son na kullum mai haɗe da komai, ki juya kwalbar, gaban ado ne kawai. A baya akwai jeri da ke nuna kashi nawa cikin ɗari na bukatar yini kowane sinadari ya kai. Ki nemi wanda yawancin lambobinsa ke kusa da 100. In kin ga 1000 ko 3000, ki ajiye. Rarar bitamin C da yawancin dangin B fitsari suke bi, shi ya sa masu shan su ke ganin fitsarinsu ya koma ɗorawa shar su ce magani na aiki, alhali B2 ne ke wucewa da kuɗinsu. B6 kuwa in ya yi yawa aka daɗe ana sha, jijiyoyin hannu da ƙafa yake lalatawa. A da D da E da K ba sa fita da sauƙi, taruwa suke a hanta da kitse. Ki duba kuma ƙwaya nawa ake nufi da shan rana ɗaya, domin wata kwalbar mai ƙwaya 60 ta wata ɗaya ce ba biyu ba. Sai ranar ƙarewar aiki, sai lambar NAFDAC, wadda za ki iya bincikawa a rumbun hukumar na intanet da ake kira Greenbook, ki ga ko sunan da ya fito ya dace da abin da ke hannunki. Lambar tana nufin an yi wa kayan rajista. Ba shaida ba ce cewa zai yi duk abin da mai talla ta faɗa a sautin murya.

Kalmar "na Amurka" da ke sa mu sakin baki kuwa, ki san cewa a can, bisa wata doka ta 1994, kamfani ba ya bukatar amincewar hukumar magunguna ta FDA kafin ya fitar da irin waɗannan kaya kasuwa. Shi ya sa masu lura a can suke neman tambarin USP, alamar cewa wata cibiya mai zaman kanta ta gwada ta ga abin da aka rubuta shi ne a ciki. Kwalbar da ta zo a akwatin wani, ta kwana a tasha, ta wuni a bayan mota a zafin Afrilu, alhali an rubuta a ajiye ta ƙasa da digiri 25 ko 30, ba wanda zai rantse miki da abin da ya rage a cikinta, ko ma ta gaskiya ce. Akwai kuma abin da ya shafe mu Musulmi: ɓawon kafso mai santsi da na alawa yawanci da jelatin ake yin su, kuma a ƙasashen Turai da Amurka sau da yawa daga alade ake samo shi. Ki nemi tambarin halal, ko wanda aka ce ɓawonsa na tsiro ne, ko ki tsaya kan busasshiyar ƙwaya.

Mai kemis ya yi gaskiya a rabi. Ƙwaya mai araha da ke da rajista, in lambobinta sun yi daidai, aikinsu ɗaya da mai tsada. Inda muka raba hanya da shi shi ne na ruwan nan "mai sa cin abinci". Ki karanta jikinsa, sau da yawa za ki ga cyproheptadine. Wannan ba bitamin ba ne, maganin ƙaiƙayi da atishawa ne da ke sa barci da yunwa, kuma malamar da jiri ke ɗiba a aji ba ta bukatar ƙarin abin da zai sa ta layi. Na fi tsanar ƙannensa da ake ƙullawa a leda ba suna, su sha-ka-fashe, waɗanda ake cusa wa dexamethasone, wani maganin kumburi mai ƙarfi. Na ga amaren da aka ɗura wa su kafin biki, fuska ta kumbura kamar an hura, dangi na ta murna an yi kyau, bayan wata kaɗan ga hawan jini ga suga ga fata ta tsage. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Ra'ayina kan bitamin ɗin kullum ga mai lafiya da ke cin abinci sosai, ba na ɗaukarsa da zafi. An bi likitoci maza fiye da 14,000 a Amurka sama da shekara 10, sakamakon ya fito a 2012: bai rage ciwon zuciya ba, cutar kansa kuma, wato ciwon daji, ya rage ta da ɗan kaɗan, kashi 8 cikin ɗari. Wani nazarin na 2024 da ya bi mutum kusan 390,000 fiye da shekara 20 bai ga masu sha sun fi marasa sha tsawon rai ba. Sai dai waɗannan mutane ne da firjinsu ke cike. A gidajenmu, inda tuwo da miya ɗaya kan zagayo safe da dare, kuma nama ya zama baƙo, giɓi na gaske ne, don haka ba zan ce ba shi da amfani ba. Toshe ƙananan ramuka yake yi, iyakarsa ke nan.

Da ni ce ke, kuɗin kwalbar nan kasuwa zan kai su. Wake da gero da alayyafo da zogale da rama suna da ƙarfe, kifi da nama nasu ya fi saurin shiga jiki, ƙwai da nono suna ba da B12 ɗin maigida da Hajiya. Manja da kabewa da karas da mangwaro suna ba da bitamin A ta hanyar da ba ta cutar da ciki. Ƙarfen ganye da hatsi yana son ɗan tsami kusa da shi, a matsa lemon tsami a kwaɗo, ko a ci goba bayan abinci. Abokin gabarsa shayi ne, kuma na san malaman makaranta da shayi. Ki raba shi da abinci da ƙwayar ƙarin jini da kamar awa 2, haka ma madara da nono. Tun 2002 doka ta wajabta a sa bitamin A cikin man girki da sukari da fulawa a Nijeriya, gishiri kuma ayodin tun 1993, amma man da ake aunawa a buɗaɗɗiyar kwalba a rana ba a dogara da shi, domin haske yana kashe bitamin A.

In an ba ki ƙwayar ƙarfe, bayan gida zai yi baƙi, wata ƙila ya yi tauri, kada ki tsorata ki daina. In tana tayar miki da zuciya ki gaya wa likita, akwai masu sha kwana ɗaya su tsallake ɗaya. In an rubuta miki ciprofloxacin ko doxycycline, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ki faɗa cewa kina shan ƙarfe, domin yana riƙe su a hanji. Kuma ki ɓoye ta inda autanki ba zai kai ba. Ƙwayoyin nan ja ne masu sheƙi kamar alawa, yaro ƙarami in ya haɗiye da yawa guba ce mai kisa, ko da ya ga kamar ya warware bayan amai sai an garzaya da shi asibiti.

Ƙawarki kuwa ba sai kun ɓata ba. Ita ma abin da aka turo mata take turawa. Ki ce mata likita ya ce a yi gwaji tukuna, ba mai jayayya da wannan. Ki nemi izini a makaranta cikin makon nan, kada ki jira hutu. In kafin nan kika ji zuciyarki na bugawa da ƙarfi kina zaune, ko ƙirji ya riƙe, ko ƙafa ta kumbura, ko kika faɗi, a ranar za ki tafi. In sakamako ya fito ki rubuto mini adadin himogulobin da na feritin, da shekarun Hajiya da sunayen magungunanta.